Gwangwanin Zamzam na Kakata

Wautar da na yi ƙarama ce, kuma a bencin mai shayi na yi ta. Cewa na yi jirgin da ya kwaso alhazanmu daga Jidda ya kasa tashi saboda nauyin zinarin kakata, sai da aka sauke wasu ƙattan alhazai aka ce su biyo ta ƙasa. Aka kwashe da dariya, har wani kwandasta ya ƙware da shayi. Da na ga abin ya karɓu sai na ƙara masa gishiri. Na ce zinarin a cikin gwangwanin zamzam aka zubo shi, ni na sauko da shi daga mota, kuma tun ranar wuyana ya shige cikin kafaɗa bai fito ba. Na maƙe wuya na zagaya teburin don su gani. Mai shayi ya ba ni biredi kyauta.

Iyakar zinarin da na san kakata ta zo da shi kuwa haƙori ɗaya ne, irin wanda kowace sabuwar hajiya ke sakowa don in ta yi murmushi a san ta je.

A lokacin ban kai ashirin ba, kuma ba ni da sana'ar da ta wuce baki. Shekarun ne da kuɗin man fetur suka ɓalle a ƙasar nan. A Jibiya kowa ya sayi rediyo, wanda ya sayi rediyo bara ya sayi babur bana. Manyan motoci na bin hanyar Maraɗi da gero da atamfa da gangunan mai, wasu ta ƙofar kwastan, wasu ta bayan ƙofa. Mahaifina direban ɗaya daga cikin motocin ne, ta wani babban Alhaji na garinmu, kuma a watan da nake ba da labari yana can Legas yana layin siminti. Gidan ya rage daga ni sai mahaifiyata da ƙannena da kakata, mahaifiyar babana.

Wannan Alhajin shi ya biya wa kakata kujerar Makka. Duk shekara yakan biya wa tsofaffin mata, daga cikin gari da Gangara da Bugaje, kuma tsofaffin mata kaɗai. Ana cewa don ya rasa mahaifiyarsa yana yaro ne. Kakata ta dawo da dabino da carbi da kwalli, da gwangwanin zamzam biyu, manya, an liƙe bakinsu da dalma. Ɗaya nata. Ɗayan kuma wani yaron Alhaji ya ba ta a Jidda, ya ce amanar Alhaji ce, ta ajiye a ɗakinta har a zo yi mata barka da sauka a karɓa. Da gaske ni na sauko da su daga mota, kuma da gaske na Alhaji ya fi nauyi. Daga nan na samo bakin zaren ƙaryata.

Kwana biyu bayan hirar mai shayi, ina tsaye wurin masu sayar da mai a kwalba, sai wata farar fijo ta tsaya a gabana. Kowa a Jibiya ya san mai ita. Shi ne na hannun daman Alhaji, mutum siriri mai sanyin murya, ba a taɓa jin ya yi faɗa da kowa ba, kuma ba a taɓa ganin wanda ya so ya yi faɗa da shi ba. Ya miƙo hannu ya buɗe ƙofa.

"Shigo, ɗan Hajiya. Raka ni nan kusa."

Na shiga ina murna, don ban taɓa zama a gaban fijo ba. Muka ɗauki hanyar iyaka. A ƙofar kwastan ko birki bai taka ba, hannu kawai ya ɗaga. Sai da muka shiga dajin da ke tsakanin ƙofarmu da ta duwan, wato kwastan ɗin Nijar, ya sauka daga titi ya kashe mota a gindin wata bagaruwa. Babu gida, babu mutum, sai awaki can nesa.

"An ce kana da labari mai ban dariya," in ji shi. "Ba ni in sha."

Na ce wasa ne kawai.

"Ni ma ina son wasa. Hwaɗa mani kamar yadda ka hwaɗa masu."

Na ba da labarin tun daga jirgi har wuya. Har maƙe wuyan sai da ya sa na yi, a zaune. Ban taɓa sanin labarin ban dariya yana da tsawo haka ba sai ranar da na ba da shi ga mutumin da ko haƙorinsa bai bayyana ba.

"Wa ya hwaɗa maka?"

"Wallahi ba kowa. Ƙarya ce na shirya da kaina."

"Ƙarya ce," ya maimaita.

"Ƙarya ce, ranka shi daɗe."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce ƙaryar tawa ta riga ni zuwa ofishin kwastan. Ya ce a satin nan ya so zuwa gaida Hajiya ya ɗauki ajiyar, amma yanzu an sa wa gidanmu ido, ba shi da halin taka ƙofar. Saboda haka gwangwanin zai zauna inda yake har ƙura ta lafa.

"Hajiya ta tsuhwa," ya ce, kamar mai tausaya mata. "Ba ta iya zaman gidan kaso. In kuma gobara ta tashi cikin gida, Allah shi kiyaye, ba ta iya gudu. In dalmar nan ta motsa, ko gwangwanin ya bar ɗakin, ita za a tambaya. Ba kai ba. Kai yaro ne mai wasa."

Ya buɗe mani ƙofa. A ƙafa na dawo gari. A hanyar ne abin ya faɗo mani a rai: ashe gaskiya na faɗa ban sani ba. Daga baya, da girma ya zo, na gane yadda aikin yake tafiya. Babu ma'aikacin da zai tsaya yana huda zamzam ɗin tsohuwa a filin jirgin Kano, ga dubban alhazai na turereniya. Babu kuma wanda zai shiga binciken ɗakin sabuwar hajiya mutane na shiga da fita. Sai kayan su huta a ƙarƙashin gadonta, wani ya zo gaisuwa ya fita da su, ranar kasuwa su bi buhunan gero su tsallaka. Amma a ranar ban san wannan duka ba. Abin da na sani shi ne kakata na kwana a kan abin da zai iya kai ta kurkuku ko kabari, kuma bakina ne ya nuna wurin.

Na iske gidan cike da mata kamar kullum. Duk wadda ta zo barka da sauka sai an ba ta dabino da kurɓin zamzam a ɗan ƙaramin kofi, ba a mayar da kowa hannu wofi. Tun ranar farko kakata ke tsiyaya nata a cikin tulu tana ƙara ruwan rijiya don ya isa. Kullum rijiya na ƙaruwa zamzam na raguwa, har ya kai ruwan tulun labarin Makka kawai yake ji. Na leƙa gwangwaninta na ga ya kusa ƙafewa. Na Alhaji kuwa yana ƙarƙashin gadon ƙarfenta, bayan kwanonin jere, dalmarsa na ƙyalli.

Daga ranar na daina fita. Ni da ba a ganina a gida sai in ciki ya kira, na shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta na tare. Mahaifiyata ta taɓa goshina ta ga ko zazzaɓi ne. Kakata kuwa abin nema ya samu, don tsakanina da ita dama sai tsiya.

"Oh, ni 'yasu! Angona ya fara kishi. Tun da na sako haƙori ya ga zawarawa za su yi layi."

"Wa zai kwashi tsohuwar guzuma?" na ce, amma muryata ba ta fita yadda ta saba.

A ƙofar gida kuma, wani ɗan kwastan ya mayar da shagon telan unguwarmu wurin zamansa. Mutumin Filato ne, Kirista, mai fara'a, matarsa ma ta zo ta yi wa kakata barka. Wando ya kawo gyara. Wandon nan, da a ce sabo ake ɗinka wa raƙumi da an gama, amma kullum da saura. Duk wanda ya fito daga gidanmu da ƙunshi sai ya bi shi da ido har ya sha kwana.

In akuya ta ture kwano sai in zabura. In na ji ƙarar mota a waje sai in ruga zaure in leƙa. Na yi tunanin in saci gwangwanin in binne a gona, na tuna an ce kada ya bar ɗakin. Na yi tunanin in je in gaya wa ɗan kwastan, na tuna kakata za a fara kamawa. Da na rasa ta yi, wata rana da azahar da baƙi suka ɗan tsagaita, na shiga na durƙusa a gabanta na gaya mata akwai zinari a cikin amanar Alhaji.

Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Kai! Ba kai ne ka ga kura ta goyo ɗanta a babur a hanyar Gangara ba?"

"Wannan daban, Hajiya."

"Ba kai ne ka ce limamin Juma'a ya yi atishawa rawaninsa ya hwaɗa Nijar ba? Tashi ka ba ni wuri, ja'iri. Mutumin da ya kai ni ɗakin Allah za ka yi wa ƙazafi?"

Na rantse. Ta ce rantsuwata ta fi ƙosai araha. Na fito na koma kan tabarmata.

Ranar Lahadi, ranar kasuwar Jibiya, da hantsi, maƙwabciyarmu ta faɗo gidan ko sallama ba ta gama ba. Mijinta, wani tsohon maƙeri da ya daɗe a kwance, ya fara gargara, kuma abin da ya roƙa shi ne a jiƙa masa baki da zamzam. Ba na tulu ba, tsantsa. Kakata ta kifa gwangwaninta, ko ɗigo bai faɗo ba. Ta ce da ni in jawo na Alhaji.

Na tsaya a tsakaninta da gadon na buɗe hannuwa.

"Amana ce, Hajiya. Ke kika ce amana ce."

"Ruwa ne. Alhaji ba shi hana mai mutuwa ruwa, ni zan roƙe shi gahwara. Jawo."

"Don girman Allah, Hajiya."

A nan fuskarta ta sauya yadda ban taɓa gani ba. "Mutum na bakin kabari kana yi mani wasan kasuwa? Kauce."

Ta ture ni da gwiwar hannu, ta durƙusa da kanta ta jawo shi. Ta sa aka kawo ƙusa da ɗan dutsen niƙa. Bugu kaɗan ƙusar ta shige. Ta karkata gwangwanin, ruwa ya zubo ya cika kofi, maƙwabciya ta karɓa da hannu biyu ta fita da sauri. Kakata ta sake karkatawa don ta cika wani, sai ruwan ya yi ɗigo-ɗigo ya tsaya. Gwangwanin kuwa nauyinsa na nan, da ƙyar take ɗaga gefe ɗaya.

Akwai ƙawayenta biyu a ɗakin, da mahaifiyata a bakin ƙofa. Kakata ta karɓi wuƙa ta faɗaɗa hujin. A ƙarƙashin inda ruwan ya zauna, kakin zuma ne aka narka aka zuba ya daskare. Ta caka wuƙar ta banƙaro ɓangare, sai ga bakin wata sarƙa, ja wur, da wasu a bayanta.

Ta ajiye wuƙar a hankali. Ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafafu kamar ƙaramar yarinya.

"Wannan na rungumo tun daga Jidda," ta ce. "Ina ta yi mashi addu'a a jirgi."

Ban taɓa ganin ta yi kuka ba, kuma ranar ma ba ta yi ba. Can ta juyo ta ce in faɗa mata duk abin da na sani. Na faɗa, tun daga bencin mai shayi har gindin bagaruwa, ban ƙara ko ƙwayar gishiri ba. Mahaifiyata ta ɗora hannu a ka ta fara salati. Ɗaya daga cikin ƙawayen ta ce a liƙe hujin da ƙaro a mayar ƙarƙashin gado a yi shiru.

"A'a," in ji kakata. "In ya kwana nan a huje, gobe su ce ya ragu. Da mi zan biya? Mai abu za a kai ma abinshi, yanzu, rana tsaka."

Na ce an ce kada ya bar ɗakin. Ta ce an kuma ce kada a huda, ga shi an huda.

Dama ba ta je yi wa Alhaji godiyar kujera ba, kuma irin wannan godiya ba a zuwa ita kaɗai, da rakiya ake zuwa. Ta yafa farin mayafinta na Makka, ta fito tsakar gida ta ce wa matan da suka taru a zo a raka ta. Kafin a fita zaure sun yi yawa, har da masu goyo. Aka toshe hujin da tsumma, aka lulluɓe gwangwanin da darduma, aka naɗa mani gammo aka aza mani. Ranar kam wuyana ya shige da gaske.

Muna fitowa ɗan kwastan ya miƙe daga bencin tela.

"A'a, mai zinari! Shi ne wannan ka ɗauko?"

Na ji tsumman yana ɗigo mani a ƙeya. Kakata ce ta amsa.

"Godiya za mu gidan Alhaji, ɗana. Ko za ka raka mu?"

Ya dubi dardumar. Ya dubi matan da suka cika lungun suna kallonsa. Ya dubi farin mayafin. Ya daɗe, har na fara karanta duk addu'ar da na iya, da wadda ban iya ba. Sannan ya ja da baya ya ce a sauka lafiya. Har yau ban san ko tausayi ya ji ba, ko tsoron taron mata, ko kuwa jin sunan gidan da za mu ne ya sa ya tuna wani abu.

Muka ratsa gefen kasuwa, tsakanin masu awon hatsi da 'yan canji, ana ta yi wa Hajiya barka tana amsawa. Zauren Alhaji a cike yake kamar kowace Lahadi, ga malamai, ga dillalai, ga baƙi daga Maraɗi. Mai fijo na tsaye a bakin ƙofa. Da ya ga abin da ke kaina, idonsa ya tsaya a kaina bai ƙifta ba.

Kakata ta durƙusa daga bakin zauren, matan suka durƙusa a bayanta. Ta yi godiya mai tsawo, ta yi addu'a, aka shafa. Sannan ta ɗaga murya yadda na ƙarshen zaure zai ji.

"Alhaji, ga amanarka da anka ba ni a Jidda. Na huda, na ɗebi ruwan na ba maras lahiya, ka yahe mani ruwan. Abin da ke ƙarƙashin ruwan ban taɓa ba. A buɗe a duba yanzu gaban mutane. In akwai abin da ya ɓace a hwaɗi ina nan."

Carbin da ke hannun Alhaji ya tsaya. Sai ya yi 'yar dariya.

"Haba Hajiya, wa ke duba zamzam? Ai kin wuce haka."

"A duba dai."

"Na yahe. Ba abin da ya ɓace."

"Ba ka duba ba, Alhaji."

"Na ce ba abin da ya ɓace, Hajiya. Tsakanina da ke ba sauran komi."

Ta juya wajen malaman. "Malamai, kun ji. Ku ne shaidata." Wani tsoho daga cikinsu, kansa a sunkuye, ya ce sun ji.

Mai fijo ya zo ya sauke mani kayan da kansa. Yana saukewa ya dafa ƙeyata da yatsu, a hankali, kamar mai gwada nunar gwanda.

Muna komawa unguwa muka tarar maƙerin ya cika. An ce ya samu ya haɗiyi ruwan.

Makonni na yi ina jiran abin da zai biyo baya. Ina zagaya bayan ɗakin kakata ina shinshina ko zan ji warin kananzir. In ta fita unguwa ina biye da ita kamar jela, tana kora ta ina dawowa. Ban koma bencin mai shayi ba sai da damina ta faɗi.

Ba a taɓa ta ba, ba a kuma kama kowa ba. Mahaifina na dawowa daga Legas aka karɓe makullin motar a tasha, ya koma jan motar wani ɗan kasuwa a Funtuwa, sai wata-wata muke ganinsa. Alhaji ya ci gaba da biya wa tsofaffi kujera a ƙauyuka, amma bai sake biya wa kowa a unguwarmu ba. Akwai tsofaffin da aka riga aka yi wa alkawari, ciki har da ɗaya daga cikin ƙawayen da ke ɗakin ranar da aka huda gwangwanin. Suka daina shigowa gidanmu, in sun haɗu da kakata a biki sai su kau da kai. Ta rayu shekaru bayan haka, ta rasu a ɗakinta da ciwon tsufa, kuma wasunsu ba su zo gaisuwa ba.